Ranar da Na Lashi Dutse a Gaban Mai Gari

Shekarun baya, lokacin da haƙar zinariya ta rikita ƙasarmu tun daga Anka har Bukkuyum, na yi wani aiki da har yau in na tuna sai na gyara zaman hulata. Ku 'yan waya da kuke dariyar rubutuna, ku sani a aji huɗu na tsaya a firamare. Kuma ba karatun ne ya fi ƙarfina ba, malaman ne na ga sun fara gajiya, na tausaya musu.

A wancan lokacin kowa tsoron dutse yake. Masu haƙa sukan kawo dutsen zinariya gida a daka a turmi, ƙurar dalma ta shiga jikin yara, aka yi ta jana'iza a ƙauyuka. Don haka in uwa ta ga baƙon dutse a tsakar gida sai ta suri ɗanta. A kan wannan kam ban taɓa yi wa kowa dariya ba.

To akwai abokina, direban tifa, tare muka tashi. Jigila yake yi tsakanin Gummi da Sakkwato. Innarsa ta rasu, sai ya yi niyyar gyara rijiyar unguwarmu, wadda bakinta ke zubewa duk damina, ladan ya je mata. Ya ɗauko farin dutse daga wajen Sakkwato, ya sa magina suka fara fasawa suna jerawa. Ni a lokacin ina Nasarawa Burkullu wajen ɗiyata da ta haihu. Da na dawo sai na tarar an rufe rijiya da ƙaya, mata na ɗaukar jarka zuwa gulbi cikin rana.

"Mi ya faru?" na tambayi uwargidana.

"Abokinka dai. An fasa dutsen da ya kawo, an iske abubuwa ciki."

"Waɗanne irin abubuwa?"

"Wani awa maciji ya naɗe, wani da haƙori baƙi ƙirin, wani kuma an zana masa tauraro kamar hatimi. Wasu sun ce asiri ne, wasu sun ce sharar masu zinariya ce aka biya shi ya zubo muna. Bayan la'asar za a taru gaban mai gari a cike rijiyar."

Da na ji "tauraro" sai gabana ya faɗi, amma faɗuwar daɗi. Na ce ta ba ni takalmina.

Na sami abokina a zaure, ya haɗa kai da gwiwa. Mutumin da ba ya rasa sahun gaba, ya daina fita masallaci don yara na nuna shi. Ya ɗago ya ce, "Ni Inna na so in yi wa alheri. Yanzu in an tuna ta, sai a ce uwar wanda ya zuba guba a rijiya."

Ya miƙo mini ɗaya daga cikin abubuwan, ƙulle a leda kamar zai cije shi. Na kwance. Zagayayye ne kamar ƙosai, da tauraro mai reshe biyar a bayansa. Wallahi kamar na gamu da tsohon abokin makaranta.

Ga yadda na san shi. Ina saurayi na yi lebura a inda ake fasa dutsen siminti a wajen Sakkwato. Wani malamin jami'a yakan kawo ɗalibansa, ni nake ɗaukar masa buhu. Mutumin nan da gilashinsa da komai, sai ya tsinci dutse ya lasa. Na ɗauka taɓin hankali ne na masu ilimi. Ya ce a'a, in ya jiƙe ne zanen jikinsa ke fitowa. Shi ya faɗa mini cewa duk wannan ƙasa a da can teku ce, waɗannan kuma halittun cikinta ne, suka mutu, laka ta binne su, suka koma dutse. Ya nuna mini dangin dodon koɗi, da haƙorin wani babban kifi mai cin kifaye, da mai tauraron nan, wanda ya ce yana da rai jikinsa duk ƙaya ne kamar bushiya. Ɗaliban suna rubutawa, ni ina haddacewa. Ban san ko sun ci jarrabawa ba, ni dai tawa sai da na yi furfura ta zo.

Kafin la'asar na hau babur zuwa bakin gulbi na tsinto makankari, wato ɓawon nan mai murfi biyu da mata ke kankare tukunya da shi. Na biya lambu na samo katantanwa, na sayi lemun tsami. Na sa babbar rigata ta Juma'a, don ba a tsayawa gaban jama'a a yi maganar teku da 'yar shara.

Da aka taru na nemi izini. Mai gari ya ce, "To, ɗan boko ya iso."

"Ranka ya daɗe, waɗanga abubuwa ba asiri ba ne. Dabbobin teku ne."

Dariyar da aka yi, har awaki sun watse. Wani mai shayi ya ce, "Baba, teku a Sakkwato? Inda jaki ke suma don ƙishi?"

"Kai dai da ba ka taɓa wuce tashar Gummi ba, yi shiru manya na magana."

Amma na ga magana ba za ta fisshe ni ba. Sai na kira tsohuwar ungozomar unguwarmu, wadda ta yanke cibiyar rabin mutanen wurin, ba mai musa mata. Na sa makankarin gulbi a hannunta na dama, wani irinsa na dutse, cikin waɗanda aka iske a dutsen rijiyar, a na hagu.

"Inna, dubi nan. Mi kika gani?"

Ta kai su kusa da ido, ta shafa layukan bayansu da yatsa, ta haɗa su baki da baki. Sannan ta ce, "Wanga makankari ne. Ya dai tsufa, ya hi ni."

Na ajiye katantanwa kusa da abin da suke kira maciji, kowa ya ga naɗin iri ɗaya ne. Na kankare ɓawon katantanwar, na matsa masa lemu, ya yi 'yar kumfa. Na kankare farin dutsen na matsa, shi ma ya yi. Na ce, "Jikinsu guda. Yanzu a kawo dutsen zinariya a gwada." Samarin wurin kowa ya sunkuyar da kai, don an hana shigo da shi gari. Daga baya wani ya zaro ɗan guntu daga aljihu, wai tsintarsa ya yi. Na matsa lemu. Ko motsi.

Nan fa kaina ya kumbura. Na ɗauki mai tauraron, na ɗaga shi sama kowa ya gani, na lashe shi tas. Uwargidana ta yi salati daga bayan mata. Tauraron ya fito raɗau, da ƙananan ɗigo-ɗigo a jere, irin aikin da ba hannun boka da zai iya.

Liman ya karɓa ya juya shi. "Ko ruwan Annabi Nuhu ne ya bar su?"

"Allah gafarta malam, wanda ya koya mini ya ce sun girmi nan nesa."

"Allahu a'alamu. Halittar Ubangiji ce dai, ba aikin mutum ba."

Sai wata mata ta taso, wadda ta rasa ɗanta a lokacin dalma. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, dalma ba ta kashewa ranar da aka lasa. Ni na sani."

Duk kumburin kaina ya sace. Na ce, "Gaskiyarki, ɗiyata. Harshena ya san dabba, bai san guba ba." Na roƙi mai gari kada a cike rijiya, a bar ƙayar a kai, a ba mu dama mu kai dutsen da ruwan rijiyar zuwa Anka, inda ma'aikatan lafiya ke da na'urar auna dalma. Ya yarda. Washegari muka tafi, ni da abokina da mijin matar nan don ya zama shaida. Aka auna, aka ce babu. A hanyar dawowa abokina na bayana a kan babur, ina jin kafaɗata tana jiƙewa. Na ce masa iska ce, ni ma tana damun idona.

Matar nan ita ta fara jefa guga.

Abin da na ɗauka daga wannan, ba a raina abin da kunne ya tsinta, ko da kana ɗauke da buhun wani ne ka ji shi. Kuma ka san inda saninka ya ƙare, don ranar nan da na tsaya a kan lasa kawai, da na zama wawa mai babbar riga.

Abokina ya sa magini ya manna mai tauraron a simintin bakin rijiya. Igiya da hannayen mata sun goge shi har yana sheƙi. Yanzu in baƙo ya tambayi hanya sai a ce masa ya bi ta rijiyar teku, in an tuna Innar abokina kuwa sai a ce Allah ya kai mata ladan ruwa. Ni kuma aka naɗa ni Sarkin Teku, ba rawani ba albashi. Har yau ban taɓa ganin teku da idona ba, kuma ko a gulbi in ruwa ya kai gwiwa, Sarki juyawa yake.