Makullin Rumfar Baduku

Baduku ake ce masa, ko da yake aikinsa bai wuce ɗinkin takalmi da manna dunduniya ba. Tun yana da baƙin gashi mai gidan benen nan ya ce masa, "Raɓa jikin katangata ka nemi abincinka." Ya raɓa kuwa. Da hannunsa ya kafa rumfar: kwano duk tsatsa, benci mai ƙafa uku, bulo a madadin ta huɗun. Muni kam ba a magana, amma tasa ce, kowace ƙusa ya san inda ya tsinto ta. Da ita ya ciyar da iyali har ya aurar da 'ya'ya.

Da mai gidan ya rasu, babban ɗansa ya tsiri yi wa Baduku kirki, abin da ya hana shi sukuni ke nan. Yau gaisuwa har da durƙusawa, gobe kuma, "Baba, bencin nan ai zai karya maka ƙugu, bari in kawo sabo."

"A bar mini kayana, ɗana. Na gode."

A gida matarsa ta ce, "Kai dai Malam, ko ruwa aka ba ka sai ka leƙa ƙasan kofi." Ya ce mutumin da bai taɓa kawo masa ko silifas gyara ba, ina ruwansa da ƙugunsa? Akwai dai abin da yaron nan yake nufi.

Ana haka zazzaɓi ya kwantar da shi. Ranar da ya samu ya dawo, sai ya tarar da rumfar ƙarfe fes, an shafe ta da fenti irin na gidan, ga ƙofa, ga kwaɗo. Maƙwabta sai barka suke yi masa, shi kuwa ya juya wajen ɗan mai gidan.

"Ina tsohon kwanona da bencina?"

"Ai tarkace ne, Baba, masu shara sun kwashe," in ji ɗan mai gidan, yana murmushi. "Zauna abinka, babu mai korarka. Makullin ne dai zai riƙa kwana a cikin gida, saboda tsaro."

Gaskiya ne, ba a kore shi ba, kuma babu wanda ya taɓa ɗaga masa murya. To wa zai kai wa kuka, kowa na cewa an yi masa gata? Yanzu kullum da safe za ka gan shi tsaye a bakin get, jakar aiki a kafaɗa, masu tsinkakkun takalma na jira a bayansa, yana ƙwanƙwasawa a hankali don kada ya tashi masu gida daga barci.