Ƙafa Biyu Tukuna

Jiya saniyata ta fara naƙuda, sai marigayi Baffa ya faɗo mini a rai.

Shekarar da muka yi rani kusa da Birnin Lalle, saniya ɗaya ta rage mini, nononta ne abincin gidana. Ta kwanta tun hantsi, ƙafar maraƙi ɗaya ta leƙo. Na kama zan ja.

Baffa ya buge hannuna. "Kai, igiyar guga ce? Ƙafa biyu tukuna, sannan hanci, sannan ja."

Ya shafa man shanu har gwiwar hannu, ya zura, ya lalubo ƙafar da ta lanƙwashe ya miƙar. Da saniya ta yunƙura, muka ja. Maraƙi ya faɗo, ya yi atishawa, uwar ta juyo tana lasarsa.

Allah ya yalwata kabarinka, Baffa.