Tsohuwar Hanyar Kawu Bukar

Gwammaja

Tun kafin assalatu muka bar Gwammaja a 'yar tsohuwar motata, ni da Kawu Bukar, yayan mahaifiyata. An bugo mana cewa autarsu, Inna Falmata, ta rasu a ƙauyen da take aure, can gaba da Kunya. Mutanen gidan sun ce za su jira Kawu ya yi mata salla, amma da zafin nan ba za su wuce hantsi ba.

A Ungogo muka yi asuba. A shingen da ke gaba ɗan sanda ya haska fuskar Kawu, ya ji inda za mu, ya yi mana gaisuwa ya ɗaga mana hannu.

Bayan Minjibir

Kawu tsohon direban babbar mota ne. Idonsa ya yi rauni yanzu, amma bakinsa na nan garau. Tun daga gida yake ba ni tarihin hanyar: wai turbar jakunan fatake ce, aka zuba mata burji saboda motocin gyaɗa, daga baya aka shafa mata kwalta. Da muka iso mararraba ya ce in karya hagu, tsohuwar hanya ta fi kusa.

Na ce masa an yi sabuwa, kowa ita yake bi.

"Ni za ka nuna wa hanya? Tun ba a yi wa uwarka aure ba nake cin taya a kanta."

Mutum yana cikin rashi, kuma shi ya yanka ragon sunana. Na karya hagu, raina ba ya so.

Tsohuwar hanya

Kwaltar ta zama tsibi-tsibi, sai dai ka zaɓi ramin da za ka faɗa. A kowane gari Kawu sai ya ce in rage gudu: nan rumfar awon gyaɗa take, nan wata mai tuwo take ajiye musu ƙanzo. Ni kuwa bangaye kawai nake gani babu rufi, awaki kwance a tasha. Da ya tambaye ni ko kasuwa na ci, na ce masa da sauƙi dai. Tausayinsa ya hana ni faɗin gaskiya.

Rana ta ɗaga muka iso gada. Rabinta na cikin rafi. Wani manomi ya ce tun daminar bara ruwa ya cinye ta, ko babur sai an ɗauke shi a ka. Kawu ya sauka ya dafa ƙarfen gefenta, ya daɗe a tsaye. Muka juya har mararraba, muka kama sabuwar hanya.

Ƙauyen Inna

A bakin gari muka ci karo da maza suna dawowa, biyu na riƙe da makara ba kowa a kai. Mijin Inna ya yi ta ba da haƙuri, ya ce sun jira har rana ta fara dukan mutane. Na ja hannun Kawu zuwa maƙabarta. Ya tsuguna ya shafa ɗanyar ƙasar, ya yi addu'a, ni kuma na yi kukan da nake ta dannewa.

Komowa

Bayan la'asar muka kamo hanya. Da ya ji na rage gudu a mararrabar kusa da ƙauyen, inda tsohuwar hanya ta ɓullo, sai ya ce, "Bi taka, ɗana. Tawa ta mutu ban sani ba."

Ana kiran magariba muka shigo ta Ƙofar Ruwa. Mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, da mutanen ƙauyen da suka jira mu iya ƙarfinsu. Allah ya jiƙan Inna Falmata.