Sandar Malam Pindar da Motocin Ba'ana Guda Biyu

Duk mai bi ta unguwar Fezzan a Maiduguri da hantsi ya san ƙafafun Malam Pindar kafin ya san fuskarsa, don su kaɗai ke waje, sauran jikin yana ƙarƙashin mota. Daga can yake amsa gaisuwa, daga can yake faɗa. Mutumin Biu ne, ya koyo kanikanci a soja lokacin babban yaƙi. Bana gwiwa ta ce ya isa haka, zai ajiye sifana. Kafin ya ajiye, bari in faɗi abin da rabin unguwa suka gani da idonsu.

Shekara guda bayan samun 'yancin kai, Ba'ana mai fataucin fatu ya ƙudurta kai mahaifiyarsa, Ya Kaltum, aikin hajji ta ƙasa, don tsohuwar ta rantse ba za ta hau abin da ke tashi sama ba. Ya kawo sabuwar motarsa a duba: doguwa, baƙa wuluk, kujeru kamar katifa, ga rediyo, giya ma da kanta take canjawa. Gaskiya ni ma na yi ƙauyanci a ranar, sau uku ina zagaya ta.

Pindar bai ko buɗe injin ba. Wata sanda ya ɗauko mai tsage-tsage. Duk direban babbar motar da ya dawo daga Sudan, sai ya tsare shi ya nuna masa tsayin tudun rairayin da tayoyi ke bari a tsakiyar hanya, shi kuma ya tsaga a jikin sandar. Ya tsayar da ita a ƙarƙashin sabuwar mota, ta ƙi shiga.

"Maigida, wannan ta zagaya GRA ce. Kana wuce Fotlami ta ƙasar Chadi cikinta zai hau rairayi, tayoyi na juyi a iska. Ina tsohuwar motar mahaifinka, Fodin nan?"

"Wadda kaji ke ƙwai a ciki? Uwata zan saka a wannan akwalar? Ko dai sabuwar ce ta fi ƙarfin saninka, Malam Pindar?"

"Ta fi ƙarfin sanin duk wani maƙeri daga nan har bakin teku. Tsohuwar kuwa, in sifirin ya karye, a ƙauye za a ƙera maka wani. Kai za ka iya kwana uku a rana kana jiran taimako. Ya Kaltum ba za ta iya ba."

Ba'ana ya fusata, ya ce motocinsa sun bar garejin ke nan. Pindar ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya koma ƙarƙashin motar da yake gyara. Kwana biyu sai ga Fodi an jawo ta da igiya. Ashe magana ta kai kunnen tsohuwa, ta ce ita da mai sandar nan ta yarda. Mako uku Pindar ya yi yana gyaran motar.

Bayan wata huɗu Fodi ta dawo Maiduguri daga hajji da ƙafarta, fenti ya koɗe, ƙofa ɗaya ɗaure da waya. Kafin a kai gida tsohuwa ta sa aka tsaya a gareji.

"Wushe, ɗana," ta gaishe shi da Barbarci. "Na ambaci sunanka a Arfa."

Pindar, mai zuwa coci duk Lahadi, ya cire hula ya ce amin, ido ya cika da ƙwalla. Sannan ya tambayi Ba'ana yadda sifirin na baya ya yi.

Kai ne, Malam Pindar, ka gwammace a ɗauke maka aiki da ka ce to a inda ka san a'a ne. Mun gode, Allah ya huta gajiya. Ku kuma masu riƙe da sifana yau, ku auna mota da hanyar da za ta bi da wanda zai zauna a ciki, ku faɗa wa mai ita gaskiya ko zai ɓata rai. Bana tsohuwar nan ta cika tamanin, tana nan da ranta, kuma Hajja Kaltum ake kiranta.