Gilashin Danne Takardu

Ana gab da samun 'yancin kai na dawo Bauchi da digirin fiziks, amma raina yana Ingila, inda aka ba ni gurbin binciken haske. Manya suka ce sam, Turawa za su tafi, wa zai hau kujerunsu? Mahaifina ma a Ƙofar Dumi cewa ya yi, "Hasken da Allah ya gama yi, me za ka ƙara masa?"

Na haɗiye maganata, aka ba ni ofis. Gilashi mai kusurwa uku da malamina ya ba ni, wanda yake fasa hasken rana ya fito da bakan gizo, da shi na riƙa danne takardu don kada iska ta kwashe, har na tsufa.