Buhunan da Suka Lanƙwasa Bayan Babana

Ina tsaka da wanke wa wata tsohuwa ciwo a asibitin da nake aiki a Anka, ƙanena Bashiru ya kira ni. "Yaya Hadiza, sai haƙuri. Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba ɗan dako ne. Tun yana saurayi yake sauke buhunan gero da wake a kasuwar Bukkuyum, da wannan bayan nasa ya kai ni makarantar jinya. Bai taɓa wuce tsohuwa da kaya a ka ba tare da ya karɓa mata ba. In ya ga sabon shiga ya sunkuya zai cicciɓi buhu, sai ya dafa shi ya ce, "Durƙusa, ka bar ƙafa ta ɗauka. Baya guda Allah ya ba ka."

Nasa bayan bai tsira ba. Ruku'u ya gagare shi, sallah ta koma a zaune, daga baya a kwance.

A wani horo aka nuna mana hoton bidiyon wata na'ura da masu ɗaukar kaya ke ɗaurawa a wasu ƙasashe: ƙarfe mara nauyi da madauri a ƙugu da cinyoyi, in mutum ya sunkuya sai ta tallafe shi. Na nuna wa Baba a waya. Ya kalla, ya sa na maimaita, sannan ya ce, "Ashe akwai inda anka san ɗan dako shina da baya. Ni nawa ya wuce, ɗiyata. In kin samu, ki kai ma Lawali abokin aikina, ɗiyanshi ƙanana na."

Na tambaya a Gusau, na tambaya a Sakkwato. Masu sayar da kayan asibiti ko ganinta ba su taɓa yi ba. Bel ɗin roba da man zafi kawai na iya kawo masa. Ya ɗaura yana sa mini albarka. Inna ta ce ina fita yake kwancewa, don ba ya rage masa komai.

Ranar ta'aziyya abokan aikinsa suka zo, kowa sai ya riƙe ƙugu kafin ya zauna. Lawali ya matso ya ce, "Malama, Baba ya ce kina neman muna wata rigar ƙarfe. An dace?" Na girgiza kai. Washegari kasuwa ta ci, suka koma bakin mota.

Ya Allah ka gafarta wa Baba, ka yalwata masa makwanci, ka hutar da jikin da bai huta ba a duniya. Ka ba Inna da mu haƙurin rashinsa, ka sassauta wa waɗanda ya bari a ƙarƙashin buhu. Amin.