Hannun Malam Gana

Ari mai wankin hula a bakin titin da ya raba Fagge da Sabon Gari ya tsufa. Rumfarsa na manne da tawa, ni ina ɗinki shi yana wanki, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a idona aka yi shi.

Babarbare ne, dogo, baƙi, hannunsa duk ya kode don sabulu. Tun yana saurayi ya zo daga garinsu Yerwa, can gabas, da niyyar ya ɗan taɓa kasuwa ya koma, Kano ta riƙe shi. Wankinsa kuwa ba a magana. Hular da ta sha gumi da man kai har ta ƙi ruwa, in ta fito daga hannunsa sai mai ita ya yi musun tasa ce. Abu ɗaya ne Kano ta kasa koya masa, wato raba mace da namiji a magana. In liman ya wuce sai ya ce, "Liman ta wuce." Matarsa Yakaka kuwa kullum "ya dafa tuwo" ne. Muka gyara, muka gyara, har muka gaji muka bar shi da abinsa.

Yana da sana'a ta biyu wadda ba wanda ya ɗora masa, ita ce tsaron mutuncin titi. Da yamma mutanen Sabon Gari kan fito shan iska, miji da mata. Waɗanda suka fi ƙona masa rai su ne Onyekachi, akawun wani kanti, da matarsa Monica, don hannu cikin hannu suke tafiya, wani lokaci har da dariya. Ari zai ajiye buroshi ya tofar da yawu.

"A'uzubillahi! Ku dubi ƙaton nan, ta riƙe mace a titi, ko kunya ba ta ji!"

In ɗan doka na kusa sai ya ƙwala masa kira, shi kuma ya zo da kulki ya kora su tsallaken titi, ya ce su je can su yi. A can tsallake ba laifi ba ne, a nan ne laifi, alhali jaki ma ba ya cikakken juyi tsakanin wuraren biyu.

To amma bari Bature ya fito daga kantin Kwara da uwargidansa rataye a hannunsa, ƙwaurinta a waje. Ari ne na farkon miƙewa, ya dunƙule hannu ya ɗaga, "Zaki! Ranka ya daɗe!" Ɗan dokan nan kuwa har ƙamewa yake yi. Na taɓa tambayar Ari bambancin Bature da Onyekachi, ya ce wai su haka ƙasarsu take. Na ce shi Onyekachin daga rijiya ya fito? Daidai lokacin amininsa Sammani mai gyaran keke ya iso. Suka sarƙe yatsu kamar yadda suka saba, suka nufi masallaci suna lilo da hannu, ba wanda ya ko ɗaga kai ya dube su.

Yakaka ita ce ke shan wahalar wannan tsaron mutunci. Mace ce gajera mai kaifin baki, 'yarsu ɗaya tana aure a Nguru. In fita ta kama su tare, Ari na can gaba kamar bai taɓa ganinta ba, ita tana baya tana mita.

A daminar 1956 yanar ido ta rufe mata gani. A asibitin ido da ke cikin Sabon Gari aka ce sai ta yi ta zuwa ana sa mata magani kafin a yi aiki, in ta yi wasa kuma idon ya tafi ke nan. Nan Ari ya shiga uku. Ya za a yi mai tsaron mutuncin titi ya ja mace a titin?

Dabararsa ta farko tari ce. Zai yi gaba yana tari, ita ta bi sautin. Ranar farko wani ɗan dako mai mura ya ratsa tsakaninsu, Yakaka ta bi shi tiryan-tiryan har tashar mota. Ta biyu sanda ce, shi ya riƙe kai ita ta riƙe gindi. Ba su yi nisa ba wata baiwar Allah ta danƙa mata ƙosai a hannu ta ce a yi mata addu'a. Yakaka ta jefar da sandar, ta dawo gida da lalube, ta zauna.

"Malam, ko ka riƙe hannuna, ko in makance a ɗakin nan. Zaɓi ɗaya."

Ya ce zai roƙi wata maƙwabciya ta riƙa kai ta. Ta ce, "Ita ta aure ni?"

Kwanakin zuwa asibiti suka fara wucewa, tana zaune. Ari ya rame. Na ji tausayinsa ƙwarai, ko da yake shi ya jawo wa kansa. Wata safiya sai ga shi a rumfata da babbar rigarsa ta salla, ya ce in rage mata tsawo. Na ce tsawon wa? Ya waiga hagu da dama, ya nuna da hannu daidai ƙirjinsa. Na gane. Na yi dariya har na soke yatsana da allura.

Haka aka haifi Malam Gana, wan Ari, wanda ya zo daga Yerwa neman maganin ido kuma ba ya jin Hausa ko ta sannu. Riga har ƙasa, hannun riga ya rufe lalle, rawani ya rufe kitso da haɓa da baki. Ari ya kama hannun wansa, suka ratsa Fagge tsakar rana, kowa na cewa Allah ya saka masa, ga mai zumunci. Ɗan doka ma ya gaishe su. In an yi wa Malam Gana sannu sai ya yi gurnani, "Hm." Ƙamshin turaren wuta da ke tashi daga rigar kuwa, aka ce malaman gabas haka suke. Mata suka fara miƙo jarirai a tofa musu, Yakaka ta yi ta tofawa ba ƙyashi. In taro ya yi yawa Ari ya ce, "Ku bar ta, ta gaji," ba wanda ya ji wani abu sabo.

Wanda bai ji daɗi ba shi ne Sammani. Hannun da ya saba riƙewa ya koma na baƙo. Ran nan suna dawowa daga asibiti, daidai gaban rumfata, ya bar keken da yake wa faci, ya goge hannu a riga, ya zo ya kama hannun hagun Malam Gana, ya sarƙe yatsu, ya jera da su.

"Kai, Malam, wannan laushin hannu! Lallai ban da alƙalami ba ka taɓa riƙe komai ba."

Ari ya ja ya tsaya cak.

"Sammani, saki hannunta."

"Hannunsa, Ari. Hannunsa ake cewa."

"Na ce hannunta! Mace ce!"

"Namiji ne za ka ce. Kai dai har ka mutu ba za ka iya Hausa ba."

"Matata ce!"

"Wanka ne, bawan Allah. Wa daban, mata daban."

Masu rumfuna suka fashe da dariya. Wallahi tun da na san Ari ranar ce ya fara faɗin magana daidai daga farko har ƙarshe, kuma ranar ce ba wanda ya yarda da shi. Sammani ya ci gaba da lilo da hannun yana shafa bayansa da babban yatsa. Yakaka kuwa ta bar masa hannun. Daga baya ta ce da gangan ta yi, tana so ta ga iyakar mutumin nata.

Ari ya sa hannu ya fizge rawanin. Ga kitso, ga 'yan kunne. Sammani ya yar da hannun kamar ya kama garwashi, ya ja da baya ya faɗa kan kekunan mutane. Titi ya cika. A tsallake Onyekachi da Monica suna tsaye suna tafi. Ɗan doka ya iso yana huci, ya tasa ƙeyar Ari da Yakaka da Sammani gaba ɗaya zuwa zauren mai unguwa, ni ma na rufe keken ɗinki na bi.

Ɗan doka ya ce ya kama mutum riƙe da mace a titi. Mai unguwa, wani dattijo mai sanyin magana, ya tambaye shi ko jiya ya gan su.

"Na gan su, ranka ya daɗe. Har na gaishe su."

"Hannun jiya ne na yau?"

"Shi ne."

"To me ya sake?"

"Rawani ne ya faɗi."

Mai unguwa ya tambaya matar wa ce, aka ce ta Ari. Ya ce to a duk taron nan wa ya riƙe hannun da ba nasa ba? Kowa ya juya ya dubi Sammani, wanda ke rakuɓe yana ta goga tafinsa a bango yana istigfari. Sai Yakaka ta yi magana, tana fuskantar ginshiƙin zaure a zatonta mai unguwa ne.

"Ranka ya daɗe, ni ba shari'a na zo ba. A gaya mini rigar da zan sa mijina ya kai ni asibiti. Ta maza an ce a'a, tawa an ce a'a. In ta matar Bature ce, ga tela nan a zaune."

Na sunkuyar da kai. Mai unguwa ya yi ta tari a cikin hannun riga kafin ya iya yanke hukunci. Ya ce wannan lalura ce, Ari ya riƙe ta da kayanta na mata, amma ban da lilo da hannu, ban da dariya, kuma ranar da idon ya warke a saki.

Aka yi aiki, aka kwance auduga. Ba a jima ba Yakaka ta tsaya a rumfata ta nuna mini inda na karkace a wuyan wata riga, daga nesa. Amma da mai unguwa ya aiko tambaya sai ta ce da sauƙi, da saura dai, a titi dishi-dishi take gani. Bayan shekara aka sake tambaya, da saura. Ari ya yi ta ƙorafi a rumfa wai an ɗora masa aiki, amma da ta leƙo zai ajiye buroshi ya goge hannu. Onyekachi da Monica kuma suka samu lafiya, in sun wuce sai ya duƙufa a kan wanki kamar bai gani ba.

Da tsufa ya kama shi sosai, nasa idon ya fara dushewa, ya soma ba Alhaji hular Malam. Bai gaya wa kowa ba. Mutanen Fagge suka ci gaba da cewa ga Ari can yana jan matarsa, Allah ya ba shi lada. Ni da ke kusa ina ganin wanda ke ɗan matsa hannun wani in an zo bakin kwata.

Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Yakaka, idon nan har yanzu?"

Ta dube ni tar, ta gyara wa Ari hularsa da ya kifa a karkace.

"Da saura, tela. Ka gaya wa duk mai tambaya da saura."